Sandar walda tana manne mini, in na ƙara wuta kuma sai ta huda fayif, dan Allah ina matsalar take?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Dan Allah taimako nake nema. Teburin aiki nake haɗawa a gida, ƙafafunsa sukwaya fayif ne 40mm da 40mm kaurinsa 1.5mm, saman kuma angul ayon ne mai kauri 4mm. Injina ƙaramin inbata ne an rubuta 200A a jikinsa. Ilektirod, wato sandar walda, iri biyu gareni, akwai 7018 mai 3.2mm da wani abokina ya bani, kwalin a buɗe yake ya daɗe a sito, sai kuma 6013 mai 2.5mm da na saya sabo.

Toh abin da ke faruwa, da na taɓa ƙarfe sandar sai ta kama ƙam, sai na murɗa ta da ƙarfi kafin ta saki, wani lokacin har ɓawon jikinta ya farfashe bakin ya zama ƙarfe tsirara, daga nan kuma ba ta ƙara kamawa da kyau. In na murɗa wuta sama ta daina mannewa amma kafin in ce me ta ɓula fayif ɗin, rami sosai. Inda kuma na samu ta tafi, in na ƙwanƙwasa da guduma sai in ga ƙananan huji-huji a jikin waldar, a kusurwa kuwa ƙarfe ya kwanta gefe da gefe tsakiya duk kashin walda ne, wato ƙonannen ɓawon sanda da ke daskarewa a kan walda, ƙafa ɗaya ma da hannu na girgiza ta ta cire. Shin sandar ce ta lalace ko injin ne ba shi da kyau? Wallahi abin ya dame ni domin ina son teburin nan ya yi ƙarko, bais, wato abin matse ƙarfe, zan ɗaura a kai.

Baba_Mai_Walda:

Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, duk wanda ya riƙe holda, wato mariƙin sandar walda, ta nan ya biyo. Amma matsalarka ba ɗaya ba ce, abubuwa ne suka haɗu maka, kuma kai kana ta murɗa wuta sama da ƙasa kana neman maganinsu duka a wuri ɗaya.

Na farko ajiye 7018 ɗin nan gefe guda tukuna. Sanda ce mai kyau amma ba ta aikin nan ba ce. Sanda 3.2 tana son wuta wajen 110A zuwa 140A, fayif mai 1.5mm kuma ba zai iya ɗaukar wannan zafin ba, kaurin sandar ma ya ninka kaurin ƙarfen. Shi ya sa ka shiga tsaka mai wuya, in ka ba ta wutar da take so ƙarfe ya ɓule, in ka ba ƙarfe wutar da zai iya ɗauka ita ta manne. Babu wata lamba a jikin injin da za ta raba maka wannan gardamar. Ga shi kuma 7018 dama ita ce mafi wuyar tayarwa ga sabon hannu, in ka tsaya sai wani abu kamar gilashi ya rufe bakinta, dole ka goga bakin a jikin fayil ko ka ɗan buga shi kafin ta sake kamawa.

Koma kan 6013 ɗinka. Ita 2.5 wutarta tsakanin 60 da 90 take, a kan siririn fayif ka fara daga 55 ko 60 ka gani. In za ka samu mai 2.0mm ma ya fi, ita 40 zuwa 60 ta ishe ta. A angul ayon ɗin nan mai 4mm kuwa ka kai ta 80 zuwa 90 ba komai.

Sannan yadda kake tayar da ita. Kar ka caka ta tsaye ka bar ta a wurin, ja ta za ka yi kamar kana ƙyasta ashana, da wuta ta tashi ka ɗaga kaɗan sannan ka dawo ƙasa. Tazarar bakin sanda da ƙarfe kar ta wuce kaurin ƙarfen da ke cikin sandar, wato milimita biyu zuwa uku. Ka tuna sandar tana cinyewa, dole hannunka ya riƙa binta ƙasa a hankali. In kuma ta manne kar ka tsaya kokawa da ita wuta na ci, matsa holda ka sake ta, ta huce ka karya ta da hannu. In ka bar ta manne tana shan wuta sai ta yi ja, ɓawonta ya ƙone, wannan sandar ta tashi aiki ko da ka ga kamar lafiyarta lau.

Faɗa min, a ina kake maƙala wayar at, wato wayar injin da ake kamawa a jikin ƙarfen aiki don wuta ta zagaya, kuma fayif ɗin da fenti a jikinsa?

Mai_Wayarin:

Baba ya gama magana ta ɓangaren sanda, ni ta ɓangaren wuta zan sa baki domin nan ne aikina. Malam Sabon_Hannu da me kake jona injin? Kai tsaye a soket ko da doguwar waya? Mutane da yawa suna zagin inji alhali wutar ce ba ta isowa, ka ga siririyar waya irin ta fanka ko ta cajin waya an ja ta mita ashirin talatin, kuma tana naɗe a jikin abin naɗinta, lokacin da ka taɓa sanda inji ya ja wuta da ƙarfi sai boltej ya faɗi, daidai lokacin da ake bukatarsa, sai sanda ta manne. Waya ta zama aƙalla 2.5mm², in da nisa sosai 4mm², kuma a warware ta gaba ɗaya domin in tana naɗe zafi take tarawa har robar ta narke. Bayan ka ɗan yi aiki ka taɓa fulogin ka ji, in ya yi zafi akwai inda bai kama da kyau ba.

Wani abu kuma, lambar da ƙananan injinan nan suke nunawa ba kullum take gaskiya ba. Za ka ga an rubuta 200 amma abin da yake fitarwa bai kai ba, saboda haka 60 ɗin Baba a injinsa wataƙila a naka sai ka kai 70 ko 75. Kar ka riƙe lamba kamar dole, samu guntun irin fayif ɗin ka gwada a kai, ka riƙa ƙara biyar biyar har ka ji sandar tana tafiya ba ta shaƙewa.

Sabon_Hannu:

Na gode Baba, na gode Oga. Eh fayif ɗin akwai jan fenti irin na hana tsatsa a jikinsa, kuma at ɗin a can ƙarshen ƙafar nake maƙalawa a kan fentin. Wayar kuma doguwa ce naɗaɗɗiya, kaɗan nake warwarewa. Toh ita 7018 ɗin fa, in na shanya ta a rana ko na ɗan gasa ta za ta gyaru? Domin tana da yawa ban so ta tafi a banza.

Dan_Gareji:

Ka shanya ta kawai ɗan'uwa, mu haka muke yi, ko ka manna ta da gangan na ɗan lokaci ta yi zafi ruwan ya fita sai ka ci gaba. Kuma ni shawarata ka ƙara wuta ka yi sauri da hannu, wuta kaɗan ita ce ke sa mannewa.

Baba_Mai_Walda:

Dan_Gareji a nan kam ban bi ka ba. Shanyawa a rana zai iya taimakon 6013 da ta ɗan sha sanyi, ita ko zafi wajen digiri 100 na Celsius na awa ɗaya ya ishe ta. Amma 7018 daban take. Dalilin yin ta gaba ɗaya shi ne kar haidurojin ya shiga cikin walda, domin shi ke sa walda ta tsage daga baya a ƙarfe mai ƙarfi ko mai kauri, kuma ɓawonta shan danshin iska yake yi. A wuraren da ake aiki da ƙa'ida da an buɗe gwangwaninta oben ake sa ta a zafi wajen 120, kuma dokar aikin gine-ginen ƙarfe ta ƙungiyar masu walda ta Amurka, AWS D1.1, awa 4 kawai ta yarda irin wannan sanda ta yi a waje. Wadda ta riga ta sha danshi sai an gasa ta a 300 zuwa 350 na awa ɗaya zuwa biyu, rana ba ta kai nan, oben na gida ma ba ya kaiwa. Manna ta da gangan kuma ɓawon kake ƙonawa, ruwan da ke can ciki bai fita ba.

Ba na ce ka zubar ba ɗana. Ka ajiye ta ka riƙa koyon hannu da ita a kan guntayen ƙarfe masu kauri, amma kar ka ɗora mata abin da zai ɗauki nauyi ko wanda in ya karye zai ji wa mutum ciwo. Ka duba ta ma, wadda ɓawonta yake marmashewa in ka murza, ko bakin ƙarfen ya yi tsatsa, ko ka ga farin gari a jikinta, wannan ta gama. Kuma kar wani ya ji ana maganar gashi ya je ya gasa 6010 ko 6011, su ɓawonsu yana bukatar ɗan danshinsa, in ka busar da su ka lalata su.

Tunda mun zo nan bari in buɗe maka lambobin sanda, irin su 6013 da 7018, domin gobe ka san me kake saya. Biyun farko ƙarfin waldar ne, 60 na nufin fam dubu 60 a kan kowane inci murabba'i, 70 kuma dubu 70. Ta ukun in 1 ce ana iya walda da ita a kwance, a tsaye, har sama da kai. Ta ƙarshe ita ke faɗin irin ɓawon da irin wutar da take so. Ƙarfen fayif ɗinka bai kai ƙarfin waldar 6013 ba ma in an yi ta daidai, saboda haka kar ka ji kamar ka rage wa teburinka wani abu.

Yanzu maganar at. Kai ka ba kanka amsa, fenti ba ya wuce da wuta. Sa giranda ka goge wuri ya yi fari tas, ka maƙala a nan, kusa da inda kake aiki. Buɗe bakin abin maƙala at ɗin ma ka duba, in ya yi baƙi ko wayar ta sassauta a inda aka ɗaure ta ka goge ka ƙara ɗaurewa. Haka inda za ka yi waldar, goge fenti da tsatsa da mai kamar faɗin yatsa biyu kowane gefe. Huji-hujin nan da kake gani iska ce ta maƙale a ciki ƙarfe ya daskare kafin ta fita, kuma fenti ne da danshin sanda da ɗaga hannu da yawa suke kawo ta.

Sai wadda ta fi damuna, kusurwar da ka ce tsakiya kashi ne gefe da gefe ƙarfe. Wannan halin 6013 ne, kashinta yana da yawa kuma ruwa-ruwa ne, in wuta ta yi kaɗan ko ka ɗaga hannu ko ka tsayar da sandar cak, sai kashin ya riga ka gaba ya kwanta a cikin kusurwar, wutar kuma ta riƙa tsalle tana lasar bango nan da can ba ta taɓa gindin ba. Daga sama sai ka ga kamar ya haɗu. Maganinsa ka tura bakin sandar can cikin kusurwa, ta raba tsakiya daidai, ka kwantar da ita daga tsaye wajen digiri 15 zuwa 20 ta ɓangaren da kake tafiya, kana jan ta ba tura ta ba, domin ƙarfin wutar ya riƙa kora kashin baya. Ka zuba ido ta cikin gilashin walda, narkakken ƙarfe ya fi haske kuma yana da baki a zagaye, kashi kuma ya fi duhu yana yawo a bayansa. Ranar da idonka ya raba waɗannan biyun, mannewa da ɓulewa duk za su ragu domin za ka riƙa ganin abin kafin ya faru. In ba ka gani sosai duba gilashinka, lamba 10 ta isa irin wannan wutar, kuma farin gilashin gaba in ya cika da tartsatsi canza shi.

Wanda ka riga ka yi kuma kar ka bi ta kansa da wata waldar, kashin yana nan a ciki. Goge shi da giranda har ka ga ƙarfe mai kyau ka sake.

Injiniya_Mace:

Sannunku da ƙoƙari. Baba ka yi bayani Allah ya ƙara girma. Abu biyu zan ƙara. Tunda inbata ne wutarsa DC ce, kuma kana da zaɓin inda za ka jona holda. In holda tana kan alamar ƙari waldar ta fi shiga ciki, haka 7018 take so. In ka mayar da holda kan alamar ragi, at kuma kan ƙari, shigar tana raguwa, kuma 6013 tana aiki ta kowane ɓangare, saboda haka a siririn fayif gwada holda a ragi za ka ga bambanci wajen ɓulewa. In injin yana da maɓallin hot start ɗan ƙara shi, shi ke ba da ƙarin wuta a daidai lokacin tayarwa don kar ta manne, arc force kuma, mai ƙara wuta in sanda ta matso ƙarfe sosai, kar ka cika shi a siririn ƙarfe domin tona rami yake.

Na biyu lafiyarka Malam. Fentin da kake ƙonawa hayaƙinsa kake shaƙa. In kuma wata rana ka samu fayif mai ruwan azurfa, galbanaiz, tutiya ce a jikinsa, za ka ga farin hayaƙi yana tashi, shi ke kawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan wasu awanni, a goge ta tukuna kuma a yi aiki inda iska ke wucewa. Kar ka wanke ƙarfe da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin sannan ka sa masa wuta, hasken walda da zafi suna mayar da shi iskar guba da ake kira fosjin, kaɗan ma tana illata huhu. Kuma kar ka ce ɗigo ɗaya ne bari in rufe ido kawai, ciwon idon walda cikin dare yake tasowa kamar yadda duk masu sana'ar nan suka sani.

Sabon_Hannu:

Alhamdulillah na dawo da labari. Na warware wayar duka, na goge wurin at, na koma 6013 holda a ragi, injin yana nuna 68 nan ne ta zauna min. Mannewa ta ragu sosai wallahi, a kan angul ayon har kashin ya fara ɗagowa da kansa yana lanƙwashewa, ƙasansa sumul. Amma a fayif har yanzu in na ja layi mai ɗan tsawo daga farko lafiya, ina zuwa ƙarshe sai ya ɓule, musamman inda yankan bai haɗu da kyau ba akwai ɗan tsaga. Kuma ƙafa ɗaya ta karkace ciki bayan na gama gefe ɗaya alhali da sukwaya na daidaita ta. Baba ya zan yi da waɗannan?

Baba_Mai_Walda:

Madalla ɗana, kashin da ke ɗagowa da kansa shaida ce wuta da saurin hannu sun daidaita.

Ɓulewar ƙarshen layi zafi ne yake taruwa, ƙarfen da ka fara da shi da sanyi kafin ka kai ƙarshe ya ɗau zafi, ga shi bakin fayif ba shi da inda zai tura zafin. A irin wannan kaurin ba a jan layi dogo. Ɗiga za ka riƙa yi, ka taɓa kamar daƙiƙa ɗaya ka ɗaga, ka jira jan ya fara dushewa amma kar ya mutu gaba ɗaya, ka sake taɓawa a kan rabin wanda ka yi, haka haka har ka kai. Tunda wurin da zafi 6013 za ta kama nan take ba sai ka ƙyasta ba, kashin ma bai daskare ba balle ya shiga ciki. In ka yi jinkiri har ya yi baƙi to tsaya ka ƙwanƙwashe ka sa burushin waya kafin ka ci gaba. Da wannan salon za ka iya ƙara wuta kaɗan ma a kan 68 ɗin domin kowane ɗigo ya narke sosai. Inda siriri ya haɗu da mai kauri, wato ƙafa da angul ayon, ka fi karkata wutar kan mai kaurin ka bar narkakken ya gangaro ya kama siririn.

Wurin da ke da tsaga kuwa gyaran yanka ya fi cikowa sauƙi, a 1.5mm ko tsagar milimita ɗaya tana ba da wahala. In ya riga ya ɓule kar ka tsaya a tsakiyar ramin, bi gefe-gefensa da ɗigo kana bari yana hucewa, kana share kashi, har bakin ya matso ya rufe. In kana da guntun jan ƙarfe mai kauri kuma hannu zai kai, sa shi a baya, yana shanye zafi kuma walda ba ta kama shi.

Karkacewa kuma, walda in tana hucewa tsukewa take yi ta ja ƙarfe ta ɓangaren da aka yi ta. Saboda haka kar ka gama gefe ɗaya alhali sauran a sake suke. Ɗiga kusurwa huɗun tukuna, ɗaya nan ɗaya a kishiyarta, ka sa sukwaya ka duba, in ta motsa guduma kaɗan za ta dawo da ita tunda ɗigo ne kawai ke riƙe. Haɗa teburin gaba ɗaya da ɗigo, har da sandunan da ke ɗaure ƙafafu ta ƙasa, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta hagu da ta dama su zo daidai, sannan ka fara cikawa, gefe ɗaya a wannan ƙafar ka tsallaka wata ƙafar, ka dawo ka yi kishiyar na farkon. Ita wadda ta riga ta karkace, in gefe ɗaya kawai ka yi, yi kishiyarsa yanzu ka gani sau da yawa tana dawowa, in ta ƙi sa siririn faifan yanka ka tsaga waldar ka daidaita ka sake ɗigawa. Wajen da bais zai zauna kuma ka sa farantin ƙarfe mai kauri kamar 6mm a ƙarƙashinsa ka ɗaure da kusoshi masu noti, domin duka da murɗa a nan za su riƙa sauka kuma angul ayon shi kaɗai zai lanƙwashe.